Muryar Matameye: Daga Gajeren Zango Zuwa Mahaɗar Intanet

Garin Matameye yana kudu maso yammacin Damagaram, a kan hanyar da ta taso daga Takieta ta gangara Ɗan Barto, ta tsallaka iyaka ta nufi Daura da Kano. Saboda wannan zama nasa, tun ranar da akwatin rediyo ya shigo garin mutanensa ke sauraron ƙasashe biyu a lokaci guda. Rediyon Nijar ya fara magana daga Yamai a 1958, aka sake masa suna Muryar Sahel a 1974. Rediyon Kaduna ya buɗe a 1962, kuma idan dare ya yi muryarsa kan iso tsakar gida garau. Daga nesa akwai sashen Hausa na BBC tun 1957, da na Muryar Jamus tun 1963, da na Muryar Amurka da ya fara a 1979, sai RFI da ta shigo sahu a 2007. Dattijon da ya girma a wancan zamani ya haddace inda kowace tasha take a gajeren zango, wannan a mita 19, waccan a mita 31 ko 41. Ya kuma san wadda ta fito tas da hantsi tana iya ɓacewa bayan magariba, sai an murɗa an koma wata mita.

Duk wannan magana hanya ɗaya take bi, daga can zuwa nan. Wanda ke son a ji shi sai ya nemi mai rubutu, ya kai wasiƙa gidan waya, ya jira makonni ko za a ambaci sunansa a filin amsa wasiƙu ko na zaɓi-sonka. 'Yan cirani a Kano ko Legas ko Libiya kan ɗauki murya a kaset su ba direba ya kawo gida. Ƙoƙarin da ya cancanci a tuna shi ne na ƙungiyar kulob-kulob na rediyo ta Nijar, wadda aka kafa a 1962. Akan taru a saurari shiri, a tattauna, mai kula da kulob ya ɗauki ra'ayin manoma a na'ura, a aika Yamai, a saka a iska da Hausa ko Zabarmanci. Dabara ce mai kyau, kuma ta riga zamaninta. Sai dai tsakanin bakin manomi da lasifikar rediyo akwai mota, akwai kwanaki, akwai kuma mai tace shiri da almakashinsa.

A lokacin akwai mutumin da kusan kowane magidanci ya taɓa tsayawa gaban teburinsa, wato mai gyaran rediyo. Kayan aikinsa ba su da yawa: ƙarfen dalma da ake tura wa garwashi idan babu wuta, sukuddireba biyu ko uku, tsohon buroshin goge baki na share ƙura, da tulin matattun rediyoyi a ƙarƙashin tebur waɗanda ake ciro wa kayan gyara. Mai rediyo ya zo ya ce, "Malam, tun jiya ta ƙi magana." Mai gyara ba ya saurin kwance ta. Batir zai fara dubawa, ya kankare tsatsar da ta hau sifirin, ya murɗa makunni ya kasa kunne. In shiru, sai ya buɗe baya, ya ɗora bakin sukuddireba a kan ƙafar tsakiya ta maɓallin ƙara sauti. Idan lasifika ta yi gurnani, ya san ɓangaren da ke ƙarfafa sauti lafiya lau yake, cutar tana wajen da ke kamo tasha. Idan ba ta yi ba, ya san inda zai dosa. Da taɓawa ɗaya ya raba matsala gida biyu ya ajiye rabi. Yawancinsu a hannun ubangida suka koya, ba a aji ba, amma tsarin bincikensu shi ne wanda injiniya ke bi.

Sauyi ya zo da gudu. A shekarun 1990 aka buɗe ƙofa ga gidajen rediyo masu zaman kansu, Anfani ta kafa reshe a Damagaram, fadojin samari suka riƙa aika gaisuwa ana kiran sunayensu a FM. Celtel ta fara aiki a Nijar a 2001, ta koma Zain a 2008, ta koma Airtel a 2010. Orange ta shigo a 2008, daga baya ta koma Zamani. Da WhatsApp ya ƙara saƙon murya a 2013, wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba ma ya sami bakin magana da ɗansa na Aljeriya. Mai rake a Matameye yana jin farashin wata kasuwa tun kafin ya ɗora wa mota kaya. Babu mai hankalin da zai so a koma baya.

Amma an yi asarar wani abu a hanya. Turbar da murya ke bi ta zama ta kamfani ɗungurungum. Samari masu gyaran salula gwanaye ne, suna aiki da iska mai zafi a kan abubuwan da ido da ƙyar yake gani, sai dai aikinsu ya tsaya a jikin wayar. In rezo, wato sabis ɗin kamfanin waya, ya ɗauke, daga mai waya har mai gyara sai zaman jira.

A nan ne wata tsohuwar harka da ba a san ta sosai a ƙasar Hausa ba take da abin cewa, wato rediyon sha'awa. Mutum ne zai karanta, ya ci jarrabawa, hukuma ta ba shi lasisi da lambar kira, ya haɗa tasharsa da hannunsa ya yi magana da takwarorinsa, ba don kasuwanci ba. Ƙungiyarsu ta duniya, IARU, a Paris aka kafa ta tun 1925. Lambar kiran Nijar da 5U take farawa, ta Najeriya da 5N. Muryar 5U tana da wuyar samu a iska, shi ya sa baƙi kan yi takanas ta Kano su zo su kafa tasha na 'yan kwanaki. A watan Maris na 2017 wata tawaga ƙarƙashin jagorancin Sifaniyawa ta yi haka a Yamai da lambar 5U5R, masu rediyo daga ko'ina a duniya suka yi ta rububin a amsa musu. Abin takaici ne a ce ƙasa tana da lambar da duniya ke marmari, amma sai baƙo ya zo ake jin ta da ƙarfi.

A da, shiga wannan harka sai mai hannu da shuni: babbar na'urar gajeren zango, doguwar eriya, da haddace alamomin Morse. A 2003 hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta cire Morse daga sharuɗɗan dole. Kafin nan ma intanet ta riga ta buɗe wata hanya, ta haɗa tashoshin masu harkar da juna ta abin da ake kira mahaɗa. David Cameron ya fara tsarin IRLP a Vancouver ta Kanada a 1997, Jonathan Taylor ya fito da EchoLink a Amurka a 2002, Jim Dixon kuma ya gina abin da ya zama AllStar a kan manhajar tarho ta Asterisk. Da ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi ta fito daga Ingila a 2012, ga kuma oba-oba masu araha daga Sin irin su Baofeng, sai abin ya sauko inda ɗan makaranta zai iya miƙa hannu.

Mahaɗa, wadda masu harkar ke kira nod, abu biyar ce: kwamfutar da tafin hannu ke ɗauka, katin sauti, rediyo, eriya, da intanet. Mutum yana gona da oba-obarsa a zangon megahaz 144 zuwa 146, ya danna lambobi, mahaɗar da ke gidansa ta ji, ta tura muryarsa ta intanet, wata mahaɗa a Jamus ko Indiya ta sake ta a iska. A takarda abin kamar wasa.

A ɗauka wani matashi ne a Matameye ya tara kayan, ya bi bayanin da ya samu tiryan-tiryan, ya kunna, ya danna, ya ji tsit. Abin da bai sani ba shi ne, waɗanda suka rubuta bayanin sun rubuta shi ne don gidan da wuta ba ta ɗaukewa, mai layin intanet nasa na kansa, a garin da wani tsohon hannu yake kusa. Shi kuwa ba shi da ko ɗaya cikin ukun. Zai zargi manhaja, ya goge ya sake sakawa, ya sake, alhali ita ce ta fi komai lafiya. Da zai kinkimi kayan ya kai wa tsohon mai gyaran rediyo ya ce, "Baba, duba mini wannan abu," tsohon ba zai gane ko harafi ɗaya a allon ba, amma tambayarsa ta farko daidai take: "Yaro, ka auna wutar?"

Wutar ce kuwa ta fi yawan laifi. Raspberry Pi bolt 5 tsayayye take so, ƙirar Pi 4 har amfiya 3 take nema. Cajar kasuwa tana rubuta abu ɗaya a jikinta ta ba da wani, siririyar igiya kuma ta ƙara cinye abin da ya rage. Alamar tana da ruɗarwa: komai yana tafiya daidai, sai a daidai lokacin da rediyo ya fara watsawa wuta ta faɗi, katin sauti ya ɓace, ko kwamfuta ta mutu ta sake tashi. Ɗaukewar wuta babu sallama kuma tana lalata katin memori. Wannan yanki ya daɗe yana shan wuta daga layin da ya taso daga Katsina ya bi ta Gazawa, kuma kowa ya tuna yadda Najeriya ta yanke ta a farkon Agustan 2023 ba ta maido ba sai Maris na 2024. Saboda haka mahaɗar Matameye a kan batir mai bolt 12 da farantin sola ya kamata ta zauna tun farko, da na'urar rage wuta mai inganci, domin mai arahar tana zuba ƙugi cikin sauti. Akwai kuma wani ƙaramin tarko. Kwamfutocin Pi da suka gabaci ta 5 ba su da agogon da ke riƙe lokaci idan an kashe su. In ta tashi ba ta sami intanet nan take ba, kwanan watanta a karkace yake, kuma tana iya kasa yin rajista har sai ta daidaita shi.

Zafi ma yana da nasa rabon. A Afrilu da Mayu ma'auni kan haura digiri 40, ɗakin kwano ya fi haka. Kwamfutar tana rage gudu da kanta idan cikinta ya kai wajen digiri 80. Oba-oba kuwa an ƙera ta ne don gajeriyar magana, in aka haɗa ta da taron da ake hira sa'a guda tana watsawa ba hutu, sai ta gasa kanta. Maganin shi ne a rage ƙarfinta zuwa wat 1, a sa mata ƙaramar fanka, a riƙa kakkaɓe ƙurar hunturu.

Tsakanin rediyo da katin sauti, ban da ta ƙasa, igiya huɗu ce: mai shigar da sauti, mai fitar da shi, mai umartar rediyo ya watsa, da mai gaya wa kwamfuta cewa wani yana magana. Ta ƙarshen nan ita ce ke wahalar da ɗan koyo. Wani rediyo yana ɗaga wuta a kanta idan ya ji murya, wani sauke ta yake yi. In aka gaya wa manhaja akasin haka, mahaɗa za ta ɗauka ana magana dare da rana, ko kuma ta kurumce gaba ɗaya, kuma kalma ɗaya ce a cikin saiti ke gyara shi. Haka nan idan siririn sautin sirri da oba-oba ke haɗawa da murya bai dace da wanda mahaɗa ke jira ba, fitila za ta nuna ana karɓa amma ba abin da zai wuce. Sauti in ya yi yawa murya ta dagule, lambobin da ake dannawa ma ba a gane su. EchoLink yana da tashar gwaji mai lamba 9999 wadda ke maimaita wa mutum abin da ya faɗa, a nan zai ji kansa yadda wasu za su ji shi, ya yi ta ragewa har muryar ta fito tas. Idan kuma kwamfuta na daskarewa duk sanda aka watsa, a nisanta eriya da ita. Mutane da yawa kan bar eriyar roba a kan tebur ɗaya da katin sauti, igiyar USB ta kwashi igiyar rediyon ta kai ciki.

Sai babbar matsalar, wadda ba a ganinta da ido. EchoLink yana son a buɗe masa ƙofofi biyu na shigowa, 5198 da 5199, ya kuma fita ta 5200. AllStar ta 4569 yake bi. Bayanin zai ce a shiga na'urar rarraba intanet a buɗe su. Matashin zai shiga 'yar wifi ta aljihunsa ya buɗe, ya ga jerin tashoshin duniya sun bayyana a allo, ya yi murna, ya zaɓi ɗaya, ya jira, a ce masa lokaci ya ƙare ba a haɗu ba. Dalili shi ne kamfanonin salula, a nan da sauran duniya, galibi ba sa ba kowane layi adireshin intanet nasa. Mutane da yawa suke tarawa a bayan adireshi ɗaya. Kamar babban gidan haya ne mai zaure guda: ɗan haya yana fita duk sanda ya so, amsar aikensa ma tana iso shi, amma baƙon da ya zo da kansa ba zai wuce zaure ba, domin ba a rubuta ɗakin kowa a ƙofa ba. Buɗe ƙofar ɗaki ba ta da amfani tunda makullin zaure yana hannun kamfani. Starlink, da ya fara aiki a Nijar a Maris na 2025, shi ma haka yake tara masu ƙaramin tsari.

Akwai mafita, kuma ba ta da tsada. EchoLink yana da tsarin wakili, wato wata kwamfuta a wani wuri mai adireshinta na kanta, wadda ke karɓar baƙi a madadin mutum ta miƙo masa. Manhajarsa ta salula ma ta irin wannan hanya take bi, shi ya sa take aiki a inda ta kwamfuta ta ƙi. AllStar yana iya kiran wasu ko a bayan zauren yake, kiransa ne ba a iya yi, saboda haka sai a sa mahaɗar ta riƙa liƙe wa wata babbar mahaɗa da kanta duk sanda ta tashi, masu nema su same ta a can. Wanda ke sayen intanet da ƙididdiga kuma ya kula da irin matse sautin da ya zaɓa, domin na GSM kilobit 13 yake ci a daƙiƙa, na ulaw kuwa 64.

Cikin duk waɗannan, dabarar tsohon mai gyara ce ke fid da mutum. A raba abin biyu. A ajiye rediyo gefe, a gwada haɗuwa daga salula a kan intanet ɗin nan, in ta yi, hanya a buɗe take. A cire intanet, a danna oba-oba a duba ko mahaɗa ta nuna ta ji, in ta nuna, igiyoyi lafiya. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a rubuta a littafi abin da aka taɓa. Wanda ya juya abu uku tare, ko ta gyaru bai san me ya gyara ta ba. Bayan ta tashi kuma akwai ladabin magana da ake koya: a danna, a ɗan dakata kafin a buɗe baki, domin murya na ɗaukar lokaci kafin ta ratsa, a bar tazara tsakanin mai magana da mai amsawa ko wani na son shigowa, a kuma taƙaita, saboda yawancin tashoshi kan yanke wanda ya wuce minti uku a jere.

Mahaɗa ba za ta maye gurbin salula ba, kuma doka ba ta yarda ta yi ba. Ba a ciniki a zangon sha'awa, ba a kiɗa, ba a magana a ɓoye. Ita kanta jingine take da intanet, kuma 'yan Nijar sun ga yadda aka rufe intanet ta salula wajen kwana goma bayan zaɓen Fabrairun 2021, sun ga kuma abin da ya faru ranar 14 ga Maris 2024 da igiyoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma. A irin wannan rana Jamus da Indiya sun yi nisa. Amma rabin da ke iska yana nan da ransa. Oba-oba biyu suna jin juna babu kamfani a tsakani, kuma in aka haɗa tashar a matsayin mai maimaitawa, mai karɓa a wani zango ta watsa a wani, ƙauyukan kewaye za su ci gaba da magana. Ƙasar Matameye shimfiɗaɗɗiya ce, tsayi kawai ake nema. Eriyar da aka ɗaga mita 10 tana hango wajen kilomita 13, ta mita 30 ta haura 20. Ita eriyar kanta, guntun tagulla ne mai tsawon santimita 49 da ƙafafu huɗu a gindinsa, aikin yini ɗaya ga duk wanda ya iya riƙe ƙarfen dalma.

Abin da ya kamata ya zo kafin sayen ko igiya ɗaya shi ne takarda. EchoLink da AllStar ba sa karɓar mutum sai sun tabbatar da lambar kiransa, kuma a Nijar hukumar ARCEP, wadda aka kafa a 2018, ita ce mai kula da zangunan rediyo. Wannan ba abin wasa ba ne a garin da ke bakin iyaka, a shekarun da tsaro ya taɓarɓare har oba-oba a hannun wanda ba a sani ba ta zama abin zargi. Jami'in da ya tare yaro da ita yana da hujjar tambaya, yaron kuma yana bukatar abin nunawa. Watsawa babu izini laifi ne, kuma tana ɓata sunan harkar tun kafin ta kafu.

Hedikwatar hukumar tana Yamai, tafiyar fiye da kilomita 800 daga Matameye, kuma wannan nisa kaɗai ya isa ya kashe wa ɗan sakandare gwiwa. A ganin mai wannan rubutu, hanyar da ta fi dacewa ita ce ta kulob, kamar yadda aka yi a 1962, amma a wannan karo mai watsawa. Makarantar sakandare ta nemi lasisi da sunanta, malamin kimiyya ya tsaya a kai, a sanar da hukumomin gari da jami'an tsaro inda tashar take da zangon da take aiki. A gayyato tsofaffin masu gyaran rediyo da suka rage su koya wa yara dalma da auna wuta, samari masu gyaran salula su ɗauki ɓangaren kwamfuta. Sannan a roƙi ARCEP ta riƙa kawo jarrabawa Damagaram ko sau ɗaya ne a shekara, a kuma tanadi littafin karatunta da Faransanci da Hausa.